Mai Wutsiya Biyu

Har yau ban san abin da ya sa na yi masa ƙaryar nan ba. Shekara arba'in na yi ina faɗa masa gaskiya don tsoro, me ya sa ranar da ya fi buƙatar idona na hana shi?

Maigidana tsohon soja ne, duk garinmu Dogarawa Sarjan ake ce masa. Bai taɓa shiga jirgin sama ba. Abin da aka koya masa a bariki shi ne ya ɗaga kai ya gane jirgi da siffarsa, ya faɗa ko na gida ne ko na abokan gaba. Ya dawo da wasu katuna cikin gwangwanin taba, kowane da baƙar inuwar jirgi a kai. Da aka kawo ni gidansa sai ya mai da ni kurtunsa. Ban san baƙi ko ɗaya ba, kuma sunayen nasara ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa: mai fiffike hawa biyu, mai hancin zalɓe, da mai wutsiya biyu, ƙaton nan mai tumbi da ya ce shi ke ɗaukar hatsi. In na kuskure, yakan ƙwanƙwashe min gaɓoɓin yatsu da sandarsa. Dubi wannan ɗan yatsan, jikata, ki rubuta cewa bai sake miƙewa ba.

Da yanar ido ta rufe masa gani, na sassaƙa masa jiragen da sakaina don ya riƙa shafawa. In aka ji ƙara a sama sai ya ce, "Ke, mi kika gani?" Ni in faɗi fiffike da wutsiya, shi ya faɗa wa mutane suna. Da haka ya riƙe kujerarsa a gindin itacen bedi na bakin tasha.

Ranar da abin ya faru, da safe ya shafa wata sabuwar sakaina, ya ce fiffiken ya karkace, ya buge ni a gaban surukata, matar ɗanmu. Da hantsi muna tasha wani jirgi ya ɓullo daga wajen Ƙonni, siriri, mai dogayen fikafikai, ba ko taga. Ba ya cikin katunan. Mutane suka tsorata, aka juyo wurin Sarjan, shi kuma ya juyo wurina. Yatsuna na zogi. Na ce masa wutsiya biyu ne, da babban ciki.

Ya karkata kunne sama. Sannan ya miƙe, ya ƙame, ya ce kowa ya kwantar da hankali, jirgin hatsi ne, a share fili. 'Yan kabu-kabu sun san irin jirgin daga wayoyinsu, sun san ko matuƙi babu a cikinsa. Ɗayansu ya ce ai Sarjan ya fi cancanta da buhun farko. Suka ja shi tsakiyar fili, suka ba shi buhu ya buɗe bakin buhun sama, suna sara masa suna dariya. Wani ya watso tsakuwa cikin buhun ya ce, "Ga gero ya fara sauka, Baba." Ina tsaye a inuwa. Kalma ɗaya ta isa in janye shi, ban faɗe ta ba. Sai da aka kira azahar liman ya kamo hannunsa.

Bai ƙara zuwa tasha ba. Bai ƙara buguna ba, bai kuma ƙara tambayata abin da na gani ba. In jirgi ya wuce, sai ya juya fuska bango. Na gwammace sandar da wannan shirun, Allah shi ne shaidata.

Da damina ya kwanta. Ranar da zai cika, bayan la'asar, ya ce in kawo gwangwanin. Ya lalubo sakainar mai wutsiya biyu, ya sa min a tafin hannu, ya matse yatsuna a kanta har na ji zafi. Ya ce, "Shekara nawa ina jin ƙarar wannan, kina zaton ban san na ranar nan ba shi ba ne? Ke kika ce kin gani, shi ya sa na faɗa."