Yatsu Shida a Bangon Masallaci

Babana maginin ƙasa ne, kuma har gobe bai yarda siminti gini ne ba. Ya ce aikin ragwaye ne masu ƙyamar laka. Shi da wansa suka gina masallacin ƙauyenmu, can bayan Gatawa. Da ɓarayin daji suka tashe mu muka dawo Sabon Birni, masallacin ya yi damina biyu ba yaɓe, sai ya zube. Ko hotonsa ɗaya ba mu da shi. Wa zai ɗauki hoton abin da yake shiga sau biyar a rana?

Tun da labarin ya zo tsohon ya rage magana, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Abin ya tsorata ni ƙwarai. Ni kuwa malamar makaranta ce mai babbar waya da yawan cika baki, sai na ce masa akwai manhajar AI da ake kwatanta wa abu ta zana shi. Na yi masa alkawarin zai ga masallacinsa kafin la'asar.

Na rubuta mata: tsohon masallaci a ƙasar Gobir. Sai ga ƙubba ta zinariya, hasumiya huɗu, daɓen marmara, dabino a jere, da wani raƙumi a bakin ƙofa yana hura hanci. Baba ya kai wayar kusa da idonsa.

"Raƙumin ga hwa, shi al liman?"

Na haɗiye haushina na sake. Na ce na ƙasa ne, na tubali, rufin azara. Wannan karon ta kawo wani gagarumin gini irin na ƙasar Mali, itatuwa sun tsiro masa ko'ina kamar bushiya. Baba bai ma kula da itatuwan ba, saman rufin ya duba.

"Ina indararo? Wanda yay yi wanga bai taɓa ganin damina ba. Ruwan hwari na sauka, liman da mamu duk sai an tono su."

Na sa ta ƙara indararo, ta maƙala su a ƙasan bango. Na zage ta a fili, ni da waya kamar mahaukaciya.

Sai Baba ya ce, a hankali, "Ce mata ta sa hannun Yaya."

A garinmu kowace shekara kafin ruwa maza ke taruwa su yaɓe masallaci da hannu, sawun yatsu ya bushe a bango. Wan Baba yatsu huɗu gare shi a hannun dama, gatari ya cire ɗaya wajen faskaren azara. In an gama yaɓe sai ya danna tafinsa a gefen ƙofa. Bayan rasuwarsa Baba yakan yaɓe ko'ina ya kewaye wurin, bai taɓa bari laka ta hau shi ba.

Na rubuta dalla-dalla: tafin hannu a laka, gefen ƙofa, yatsu huɗu. Huɗun nan sau uku na maimaita.

Ta zana shida.

Kunya ta kama ni, na kai hannu zan goge, Baba ya riƙe ni. Ya ɗora yatsansa a kan gilashin ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun muna ƙauye. Ya yi har da hawaye. Dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba.

"Bar shi, ɗiyata," ya ce. "Masallacin ga ba namu na ba. Amma kullum roƙo nikai Allah shi maida ma Yaya yatsanai a Aljanna. Ga shi an maida mai, har da gyara."

Ya miƙo mini wayar, ya ce in jawo masa kwanon tuwon.