Jiƙaƙƙen Tsumma a Ɗakin Kwamfuta

Ni dai wawa ne, kuma ba da tsufa abin ya same ni ba. Bokona bai wuce gane lamba ba. Da wannan ɗan ilimin taubashina, wani Alhaji mai kai albasa da wake Ƙonni ta ƙasar Nijar, ya ɗauke ni gadin kwamfutarsa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ya kawo ta Illela, wata aba mai gurnani kamar tsohuwar kyanwa, wai ita za ta riƙa faɗa masa motar da ta fita da wadda ta dawo, abin da kowane ɗan kamasho ya sani da ka. Aka gina mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyi da janareta nata na kanta. Mahaifiyar Alhaji kuwa tana can cikin gida tana fama da maficin kaba. Ɗan ƙanensa da ya yi karatu a Sakkwato shi ke latsa kwamfutar, yana taku kamar shi ya haife ta.

Ya nuna mini wani ma'aunin zafi a bango.

"Baba, ka ga wanga jan zare? In ya hau ya wuce nan, ka kira ni. Ba ta son zafi, ba ta son taro."

"To mi take so?"

"Kai dai duba mana."

Duk garin babu wuri mai sanyin wannan ɗaki, ni kuma daga dakon buhu a tasha aka tsamo ni. Na ƙudurta ba mai mayar da ni rana.

Sai azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Bayan azahar abokina mai canjin sefa ya leƙo, leɓɓansa sun bushe. Wa zai hana mai azumi inuwa saboda ƙarfe? Washegari ya zo da maƙwabcinsa. Kafin sati, dattawa kwance har bakin ƙofa, ana shiga ana fita, jan zare yana ta hawa.

In na kira yaron, ya kore su, ya kore ni. Sai na tuna yadda muke yi wa gorar ruwa a gona. Na jiƙa tsumma na naɗe gindin ma'aunin. Zare ya sauka sumul. Kafin la'asar, lokacin dawowar yaron, in sallami jama'a, in cusa tsumma aljihu. Yaron ya shigo ya duba bango, ya gyaɗa kai, har yana yaba mini. Ita gimbiyar sai ƙara nawa take, yana zargin janareta.

Ranar da ta mutu, da wuri yaron ya dawo. Ya tarar da ƙauri, da munsharin dattawa, da tsummana yana ɗiga a bango. Duk abin da suka zuba mata ya tafi. Motoci kuwa ba wadda ta fasa fita.

Alhaji ya mayar da ni gadin rumbun albasa, inda inuwar ma wari take. Tsakanin taubasai ba a barin magana ta kwana, amma wadda ya jefe ni da ita ranar har ya rasu ban rama ba. Ya ɗaga tsumman da yatsu biyu, ya dube ni.

"Ran da zazzaɓi ya kama ni, don Allah kada ka zo jinya. Na san ka, likitan za ka jiƙa."