Inna Falta Mai Gadalin Bayan Rumbu

Kafin mata su dama kokon safe a ƙauyenmu na gefen Tsanyawa, Inna Falta ta riga ta zaga bayan rumbunta da buta a hannu. Can dukiyarta take: gadali iri-iri da albasar kwaɗi, wasu a fasassun tukwane, wasu a ƙasa. Ta yayyafa musu ruwa, ta tsince ciyawa, ta yi wa awakin maƙwabta faɗan da ba sa ji. Ruwan farko na sauka sai tsirran su fid da fararen furanni masu jan ratsi, ƙamshi har bakin zaure.

To, kowa ya san abin da ake cewa a ƙasar nan game da macen da ke shuka gadali: mai asiri ce. Ga shi kakanninta daga Barno suka zo, sai magana ta sami gindin zama. Shekara da shekaru, in ta aika da tuwon sallah, akan karɓa da godiya, a juye wa kaji. Ta sani, kuma yana yi mata ciwo. 'Ya'yanta sun sha roƙonta ta tumɓuke ta huta da bakin mutane. Ta ce gonaki sun cinye daji, garma ba ta bar ko bakin fadama ba, in ta tumɓuke ina za a ƙara samun irin?

Abin dariya, masu gulmar su ne masu leƙowa ta kan danga in ƙafa ta gurɗe. Takan gasa ganye ta ɗaure musu, ba ta goranta wa kowa. Wanda ya nemi na sha kuwa, amsa ɗaya ce: "Wannan ba albasar miya ba ce, dafi gare ta. Tafi asibiti." Mai neman farin jini ko mallaka, da tsintsiya ake raka shi.

Bara waccan wata malamar haɗa magunguna daga jami'a, Dakta Zakiyya, ta iso garin bayan ta karaɗe fadamu tun daga Shanono tana neman irin waɗannan tsirrai. A ƙofar mai unguwa, gaban jama'a, ta bayyana cewa a cikin albasar akwai sinadarai masu ɗaci da ake kira alkaloyid, kuma daga wata 'yar'uwar albasar da ke ƙasashen waje aka fitar da maganin da ke sassauta mantuwar tsufa. Namu ana kan bincike, kada kowa ya sha. Amma iri biyu da take nema, ba ta same su ko'ina ba sai a bayan rumbun Inna Falta.

Inna, ke ce kika riƙe mana abin da muka nome muka watsar. Kin sayi irin nan da mutuncinki, ba wanda ya ce miki sannu. Mai haƙuri, mai dafa dutse. Ina alfahari da cewa garinmu ɗaya.

Da lokacin kaka ya zo, Malam Mika'ilu, maƙwabcinta da ya daɗe yana hana iyalinsa shiga gidanta, ya sami 'ya mace. Ranar suna ya raɗa wa liman sunan, liman ya sake tambaya don ya tabbatar, domin ba a taɓa sa shi a zuriyarsu ba. "Falta," in ji shi, yadda kowa zai ji. "Sunan maƙwabciyata." Da labari ya isa gare ta sai ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Ashe zan ga wannan da raina."

Mun gode, Inna Falta, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma da ke da wani iri da kakanni suka bari, ku riƙe shi ko ana yi da ku. Wanda ya san ya taɓa juye tuwonta, ƙofarta a buɗe take, ya je ya gaishe ta tun tana iya amsawa.