Kan Ɗawisun Inna

Tun ina ƙarama na san akwai wani zanen gado a ƙasan akwatin Inna wanda ba a taɓa shimfiɗawa ba. Fari ne mai kauri, an ɗinka ɗawisu a tsakiyarsa da zaren shuɗi da tsanwa da ruwan ƙwai, jela a baje har kusan bakin zanen. Ƙafafu suna nan, ƙirji yana nan, amma daga wuya zuwa sama babu komai sai farin yadi. Mu yara mukan ce an yanka shi ne don baƙi, Inna ta biyo mu da mafici.

Lokacin tana budurwa ta koyi ɗinkin hannu a fuwaye, gidan koyon sana'ar mata na nan Dogon Dutsi. Ɗinkin ƙirga ne. A takarda an zana hoton gida-gida, kowane ɗan gida da launinsa, ke kuma ki ƙirga zaren yadi ki soka allura inda takarda ta ce. Su bakwai ne, littafinsu ɗaya. Da aure ya fara ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, sai suka yi wa littafin abin da ake yi wa sa a jajibirin salla, suka yi watanda. Suka tsinke ɗinkin bayansa, suka kasa takardun kashi bakwai, kowa ta ja kara. Inna ta samu jikin ɗawisu. Kan yana takardar da ke fuskantar tata, ya faɗa kason wata ƙawarta da aka kai Kore Mairuwa. Sun yi alkawarin musaya in kowa ta gama nata, sai ƙawar ta rasu a haihuwar fari. Inna ta je gaisuwa, ba ta iya buɗe baki ta tambayi takarda a gidan makoki ba. Daga baya aka ce gara ta cinye.

Mata sun sha ba ta shawara ta sa masa kan zabo ko na zakara, wa zai sani? Ta ƙi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗawisu ba, ba za ta ƙaga masa abin da ba nasa ba. Kafiyata a wurinta na gada, ko da yake har yau ba ta yarda ba.

Ni malamar lakwal ce, makarantar boko, a ƙauyen Kiyeshe. Can nake kwana, ran Juma'a in zo gida in duba ta. A wata irin Juma'ar na tarar tana neman kafar allura tana kasawa, ta juya wa rana baya, ta juyo, zaren sai wucewa yake ta gefe. Na kai ta likita. Ni da na ɗauka yanar ido ce da za a kankare, sai likitan ya ja ni gefe ya ce ba ita ba ce, ciwon da ke cin ido daga ciki ne. Magani zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. A hanyarmu ta komawa Inna ba ta yi maganar idonta ba ko sau ɗaya. Sai da muka kai ƙofar gida ta ce, kamar da kanta take, ashe dai tsuntsun nan haka za ta bar shi. A nan na ƙudura sai na samo littafin, ko a ina yake.

Ƙanena ne ya fara tsaya mini. Yana da shago a kasuwa, yana sayar da zannuwan gado na inji har da masu ƙyalli, kuma tun da ya fara zuwa karatu wurin malamansu ba abin da ke wuce shi bai yi masa hukunci ba. Ya ce siffar mai rai ba ta halatta ba, amma in babu kai to da sauƙi, don haka Allah ne ya kiyaye Inna shekarun nan duka ba ta sani ba. Na ce masa lokacin da take ɗinka wa mutane matasan kai tana saya masa takalmin lakwal, ban ji ya tambayi hukuncin tsuntsayen da ke jikinsu ba. Ya ce a lokacin bai da ilimi. Na ce yanzu ma sai ya riƙe shi a shago.

Abin da nake da shi takarda ɗaya ce, ta yi ja don tsufa, an ninke ta har ta tsage a tsakiya. Ba sunan littafi, ba sunan marubuci, sai lambar shafi a ƙasa da 'yan kalmomin Faransanci na launuka. Na ɗauki hotonta da waya. A Kiyeshe rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga aji, sai na fita bayan katangar lakwal lokacin hutun tara, in tsaya a kan wani tudu ina ɗaga waya sama. Iyayen yara suka fara cewa madam tana da saurayi a Yamai. Na bar su da zancensu. Na shiga ƙungiyoyin tsofaffin matan Turai masu ɗinkin ƙirga, na sa hoton, na rubuta da Faransancina na aji cewa ina neman sauran tsuntsun nan. Wasu suka aiko mini da ɗawisun da ba shi ba. Wata ta tambaye ni ko a Najeriya nake, na amsa mata har sau biyu. Daga ƙarshe wata ta gane shi, ta ce kakarta tana da irinsa, an daina buga shi tun kafin a haife ni, ta ba ni sunan.

Sanin suna bai kawo littafi ba. A shafukan masu sayar da tsofaffin littattafai na gan shi sau huɗu. Biyu suka ce ba sa aikawa ƙasarmu, ba su ma ce don me ba. Na uku ya ce yana da shi, na biya, sai ya turo mini hotunan shafuka da aka ɗauka a duhu, gidajen sun cakuɗe, ja da ruwan ƙasa duk ɗaya. Da na yi magana ya toshe ni. Na yi kuka ranar, na haushi, a kan tudun nan, sannan na share fuska na koma na koya wa yara lissafin rabawa.

Ta huɗun wata mata ce da ke sayar da kayan mahaifiyarta da ta rasu. Ta yarda, amma shafin yana son sunan titi da lambar gida. Na rubuta mata gaskiya, na ce gidanmu yana bayan tashar mota, shi ne mai itacen bedi biyu, wato darbejiya, a ƙofa, kowa ya san shi. Ta ce akwatin rubutun ba ya karɓar bedi. Sai da na nemo ɗiyar gwaggona da ke karatu can Turai, aka kai mata, ita ta ba wani mai dawowa Yamai, shi kuma ya ba direban motar da ke biyowa ta Dutsi. Daga ranar da na sa hoton zuwa ranar da na riƙe littafin, damina ta zo ta wuce, an yi girbi. Idon Inna na hagu ya riga ya tafi.

Na buɗe mata shafin a tsakar gida da hantsi. Ta kawo shi dab da idon dama, tana bin sa a hankali. Kan ƙarami ne, ya waiwayo yana duban jelarsa, da wasu gashi biyar tsaye a ka, kowane da ɗigo a samansa. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce da ta bi shawarar mata ta sa masa kan zakara, da ta ci mutuncin bawan Allah. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Mata suka cika gidan, tsofaffi da matan aure, littafin yana yawo hannu zuwa hannu, wata na lasar yatsa tana buɗe shafi. Kowa ta zaɓi nata: wannan furanni, wannan kwando, wannan bakin labule. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tambaye ni yaushe za a kasa. Na karɓe littafin na ce ba za a kasa ba, ba nama ba ne. Mai so ta zo ta kwafa a gabana in ina gari. Aka watse ana cewa boko ya ɓata ni. Na naɗe shi a leda na ba Inna, na koma Kiyeshe.

Juma'ar da ta biyo na tarar da bango kawai, da takarda ɗaya, ta kan ɗawisu. Inna da hannunta ta sa reza ta yanke sauran ta raba.

Ban tsaya cire mayafi ba. Na ce mata ta san abin da na sha kafin littafin nan ya shigo gidan nan? Ta ce ta sani. Na ce irin wannan rabon ne ya bar ta da tsuntsu ba kai shekara arba'in, shi ne za ta sake? Ta ci gaba da murza zare a yatsa. Na fita na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ban yi zagi ba, amma ban kuma zauna a tabarmar kowa ba. In yi sallama, in gaisa a tsaye, in ce na zo karɓar takardun Inna. Wata ta ciro nata daga ƙarƙashin katifa, wata daga cikin kwalla. Dattijuwar nan ta miƙo mini nata ba ta dube ni ba. Kafin magariba na haɗa su cif, na jera bisa lamba, na kulle a akwatina, na tafi da makullin.

Da na sake dawowa mako na gaba, allurar tana soke a inda na bar ta, layi uku a wuyan tsuntsu, ba ƙari. Gidan shiru. Matar ƙanena ce ta bi ni madafa ta faɗa mini. Inna ba ta ganin gidajen takardar. Tun ranar farko ba ta gani, siffar kawai ta gane. Yadin tana jin sa da yatsa, amma sai wani ya karanta mata: shuɗi huɗu, tsallake biyu, tsanwa uku. Takardun da ta raba, kowace mace da ta karɓa ta ɗauki rana guda da za ta zo ta zauna ta ƙirga mata. Layi ukun nan su suka ƙirga. Tun da na bi gidajensu ba wadda ta sake leƙowa.

Na same ta a ɗaki na ce don me ba ta gaya mini ba.

"Ke kina lakwal," in ji ta. "Littahi kin kawo, Allah shi yi miki albarka. Ba ni iya ce miki ki kawo ido kuma."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Matar ƙanena ta ce in mayar da takardun in ba su haƙuri, magana ta wuce. Na san ita ce hanya mai sauƙi. Ban bi ta ba. Littafin da na sha wuyarsa ba zai sake warwatsuwa a ƙarƙashin katifu ba, kuma uwata ba za ta sayi zaman mutane da takarda ba alhali ta haife ni. Na gaishe su dai da muka haɗu wurin suna, wasu suka amsa, wasu suka yi kamar ba su ji ba.

Na daina kwana Kiyeshe. Kullum in an tashi in hau babur ɗin kabu-kabu in taho Dutsi, in iso da la'asar jikina duk jar ƙura, in zauna kusa da ita da takarda a cinya har hasken rana ya ƙare, da asuba in koma. Darektanmu ya yi ƙorafin makara, na ce ya rubuta. Ni ban iya ɗinki ba, kuma ashe ƙirgan ma ban iya ba. In ce biyar alhali shida ne, sai mun yi layi biyu gaba ta shafa da yatsa ta ce wuyan ya karkace, mu warware. Mun yi faɗa ba adadi. Takan ce malamar lissafi ke nan, Allah ya ji ƙan yaran Kiyeshe. Ƙanena in ya shigo ya gan mu sai ya kau da kai ya wuce, amma zaren shuɗin da ya ƙare mana a tsakiya, a bakin taga na tsinci sabo, kuma a gidan shi kaɗai ke shiga kasuwa.

Wuya ya ɗauke mu wata guda. Kai da baki suka fi sauri. Gashin nan biyar muka yi su ɗaya-ɗaya, idon dama yana ja baya, har ta daina ɗaga yadin zuwa fuskarta gaba ɗaya, sai yatsu kawai. Abin da ya rage ƙwayar ido, baƙin gida huɗu a tsakiyar fari. Na ce ta kawo in sa mata allurar a gidan farko. Ta janye hannu ta ce wannan ita za ta nemo da kanta. Ta shafa, ta ƙirga a ranta, ta soka. Ina kallo har ta ƙulle zaren ta cije shi.

"Ya zamna gidanai?"

Na so in ce e. Na ce, "Ya sauka ƙasa da gida biyu, Inna."

Ta kai tsinin allura kan ɗinkin za ta warware, ta tsaya.  Sannan ta soke allurar a bakin zanenta, ta shafa kan tsuntsun da tafin hannu.

"Bar shi nan. Iyakar inda nig gani ke nan."

Duk wadda ta ga zanen yanzu sai ta ce idon ya kauce, aikin minti biyar ne, ta kawo allura ta gyara mini. Ba na bari.