Dabinon Silet da Muƙamuƙina

Shekarun baya, Faransawa ba su daɗe da barin Aljeriya ba, ina saurayi ina tsaron kantin kawuna a kasuwar Tamanrasset. Daura da mu wata Buzuwa daga Silet take shimfiɗa tabarma tana sayar da busasshen dabino, ita da gwaggonta. Idanunta kamar an wanke su da madara, in ta yi dariya kuwa sai in manta mai sayen da ke gabana.

Hausarta kaɗan ce, ni kuma ba na jin Buzanci, sai na mai da dabino hanyar zance. Kullum in saya, in tsaya gabanta ina tauna don ta ga ina yabawa. Dabinon nan ko dutse albarka. Mutanen wurin dakawa suke su zuba a nono, ni kuwa haƙori na sa masa.

"Ɗan Damagaram, ba a ci haka," in ji ta tana dariya. "Raƙumi ne kai?"

Dariyar nake nema, sai na ƙara jefa wani a baki.

A hankali gaban kunnena ya fara ƙas-ƙas in ina tauna. Ciwo ya hau har kai, hamma ta zama azaba. Kawuna ya ce ko a barci cizon haƙora nake, amma ban daina tauna dabinon ba. Wata safiya na tashi bakin ya ƙi buɗuwa, ko yatsa ba ya shiga.

Kawu ya kai ni wurin wani wanzami ɗan Maraɗi. Ya danna mahaɗar muƙamuƙin, na yi tsalle.

"Samari, ƙashi kake tauna?"

"Soyayya yake tauna," in ji kawu.

Wanzamin ya gasa mini wurin da tsumma mai ɗumi, ya murza da man shanu, ya ɗaure haɓata da rawani, ya ja mini amawali har hanci. Ya ce kunu kawai, ban da tauna, ban da surutu, har gaɓar ta huce.

A kwanakin nan ne ta zo bakin kanti da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce dabinonsu ya ƙare, gobe za su bi kamiyo, babbar motar kaya, su koma Silet.

"Ba ka da magana?"

Ina da ita, cike da ƙirji. Na yunƙura, abin da ya fito gurnani ne, hayaniyar kasuwa ta haɗiye shi. Ta dubi amawalin nan da ya rufe mini fuska, ta jira, sannan ta gyara lulluɓinta ta tafi.

Daga baya wani abokina Buzu ya ce mini a wurinsu namiji yakan sassauta amawali in yana hira da wadda yake so, ya ja shi sama gaban wanda yake jin nauyi. Ita ta ga na ja, na kuma yi shiru. Me za ta ɗauka?

Bakin ya warke, kamar yadda wanzami ya ce. Da kakar dabino ta zagayo, gwaggon ce ta dawo ita kaɗai, ta ce an yi wa yarinyar aure, tana ɗakinta.

Na karanta littattafan soyayya da yawa tun lokacin, a cikinsu jarumi ba ya rasa baki a ranar da ake bukatarsa. Ni har yau in na yi hamma gaban kunnena yakan ce ƙas, sai in ga tabarmar nan. Jikokina suna mamakin yadda nake jiƙa dabino kafin in ci. Ce musu nake haƙora ne suka tsufa.