Sanarwar da Na Ɓoye wa Kaka

Har yau idan na ji mai yana ƙara a kasko, gabana sai ya faɗi. Haka rediyon babanmu yake yi kafin ya kama tasha.

Muna Gwagwalada lokacin, ba a fara wayar hannu ba. Baba ma'aikacin gwamnati ne, amma ransa na wajen haɗa rediyo. Ya ja doguwar waya daga bishiyar mangwaro zuwa tankin ruwa, Umma tana mitar an hana ta wurin shanya. Da rana ba ka kama komai. Sai rana ta faɗi tashoshin nesa suke isowa, har da ta jiharmu, can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana tafiya.

Da damina aka kawo Kaka, mahaifin Baba, za a yi masa aiki a asibiti. Ya baro ƙaninsa a ƙauye kwance, ba lafiya. Kun san dai a da, rasuwa a rediyo ake jin ta. Kullum bayan magariba Kaka zai sa a shimfiɗa masa tabarma kusa da akwatin rediyon. Kunnensa ya yi nauyi, don haka ni nake sa abin ji a kunne, ina murɗa allurar neman tasha a hankali, ina faɗa masa sunaye. Na tsani aikin nan.

Ana gobe za a shiga da shi, hadari ya haɗo, tashar tana ta yankewa. Cikin ƙarar na ji sunan garinmu, na ji na unguwa, sannan na ƙanin Kaka, sarai. An yi jana'iza tun da safe.

"Me suka ce, uwar ɗakina?"

Na tuna likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Na ce, "Tasha ta tafi, Kaka."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a naɗe tabarma. Ko Baba ban gaya wa ba. Na kwana ina tsoron ƙaryar da na yi, ina tsoron wuƙar likita.

Aiki ya yi kyau. Bayan mako guda ɗan aike ya iso daga gida, Baba yana ta kame-kamen yadda zai fara. Kaka ya ce wa Baba ya hutar da kansa, shi ya yi wa ɗan'uwansa addu'a tun kafin a shiga da shi. Ya juyo gare ni.

"Kullum in tasha ta tafi, hannunki na kan allura kina nema. Ran nan kin sauke hannu."

Yanzu rasuwa kan shigo wayata ina ofis, da hoto, tun kafin a yi wa mamaci wanka, babu ruwan kowa da wanda zai gani. Ni kuwa ban taɓa tura wa kowa ba. Tashi nake in je, in zauna kusa da mutum tukuna.