Garuruwan Iya

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa wuce Kano ba, amma babu sarkin da ya kai ta yawan garuruwa. Mu jikokinta muka ba ta su, a gindin murhu a Ɗambatta, bayan an sauke tuwo, tana gasa mana gyaɗa a sauran garwashi.

Dokar kacici-kacici ce: in amsa ta gagare ka, sai ka ba da gari a faɗa maka. In aka ba Iya Bichi, sai ta lumshe ido ta lissafa abin da za ta ci a can, har da lashe yatsa, muna ta dariya. Ni kaɗai ba na bayarwa. Ina da baƙin girman kai, gara in yi kuka da in ce ban sani ba.

Ran da "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ta kayar da ni, na kumbura na juya baya. Iya ba ta lallashe ni ba, tatsuniya ta ɗauko. Wai wani falke ne da bai taɓa tambayar hanya ba, don kada a raina shi. Kwana bakwai yana kewaya kuka ɗaya, guzuri ya ƙare, har jakinsa ya gaji ya tambayi wata kaza, ta ce ai garin ga shi nan bayan tudu.

"Maigidana," in ji ta, da haka take tsokanata, "kai ne falken ko jakin?"

Na ce jakin. Na ba ta Daura, ta ce tsintsiya. Daga baya da na fara makaranta har Landan na ba ta, ta ce sanyi zai kashe ta, in nemo mata gari mai ɗumi.

Yanzu ina Kuala Lumpur ina karatun digiri na uku, muna zaune a hawa na sha huɗu a unguwar Danau Kota. Don huce gajiya nake koyon Japananci, kuma haruffansu sun wahalar da ni: zane ɗaya sai ya zo da karatu uku ko huɗu. Sai na haɗa ɗan wasa a intanet, ya nuna maka harafi ka rubuta yadda ake karanta shi. In ka kuskure, allon ya yi jawur, ya yi ƙara.

'Yata Nabila, mai shekara tara, tana son zanen Japanawa, ta shiga yi tare da ni. Kwana biyu ta daina. Ashe gado ba ƙarya ba ne. Haka ta yi da Hausa: tun da 'yan'uwanta suka yi mata dariya a waya ta rufe baki, ko me ka ce sai ta mayar da Turanci, ta ƙara da "lah" irin ta mutanen garin nan. Abin yana ci mini rai, ina ganin harshen Iya zai tsaya a kaina.

Wata Asabar ana tafka ruwan sama na goge jan allon, na cire ƙarar. Na sa maɓalli ɗaya: Ba da gari. Na zaunar da Nabila na ba ta labarin falke da jakinsa, da tsohuwar da ke cinye garuruwa.

Ta ci harafi biyar, na shida ya tsaya mata. Na ga ta fara kumbura, na kau da kai. Can sai na ji wata 'yar murya, da Hausa mai ɗingishi:

"Baba, ban sani ba. Na ba Iya Kuala Lumpur."

Shekara ashirin ke nan da muka binne Iya. Ina yaro na ɗauka wayo take mana don ta tara garuruwa. Sai ranar na gane sauƙi take mana, don yaro ya ce bai sani ba kuma ya tashi da dariya.

Na lumshe ido na fara lissafa abin da za ta ci a shagon mamak, wato gidan abincin da ke ƙasan gidanmu. Ga shi an samo mata gari mai ɗumi.